Ƙaurar Teku a Samaru

Teku ba ta san hanyar Zariya ba,
ni na kawo ta a buhu.
Gishiri daga Ikko, motar dare ta sauke shi a Kwangila,
na auna da cokali, na dama a randar roba,
kwana uku yana juyi
kafin ya yarda ya ɓace a ruwa.

Shekara shida ke nan suna kusurwar falo,
inda rediyo yake a da.
Murjani ya yi reshe har ya dafa bangon gilashi,
ya rasa inda zai miƙa hannu.
Kifi bakwai na goga kafaɗa
kamar kasuwar Sabon Gari ranar jajibiri.
Ɗaki ya yi musu kaɗan, ko da ɗakin na ruwa.

Ran Asabar Yahuza mai gilashi ya iso da sabon,
ƙarti huɗu na tafiyar masu ɗauke da ƙwai.
Ya ce, Malam, wannan ai kwamin wanka ne!
Na ce, ajiye shi a hankali.
Muka cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya
har ya daina karkata. Ba a yi wa ruwa ƙarya,
ko ƙasa ta ɓoye gangarenta, zai tona shi, ruwa.

Na are bokitai, na are baho,
na are kular biki ta Lantana, tana harara.
Dutse ɗaya ɗaya nake cirowa,
kowanne da ƙarni, kowanne da masu haya a raminsa.
Tsohon ruwan ban zubar ba,
wa ke fasa tulu don ya hangi hadari?
Na haɗa shi da sabo, su san juna,
baƙo da ɗan gari, duk ruwa.

Muna tsakiyar aiki aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Famfo ya tsaya. Kifi suka taso sama suna haki.
Jikata Uwani ta riƙe tocila da haƙori,
ta ɗebo da moɗa, ta tsiyayo daga sama,
ta ɗebo, ta tsiyayo,
ni ma na ɗauki kofin shayi.
Awa biyu muna yi wa teku numfashi da hannu,
gwiwa na ciwo, tabarma ta sha ruwa.

Lantana ta shiga ɗaka ba ta ce komai ba,
ta fito da tsakiyar murjanin gyatumarta,
ta kara ta da gilashi, ta dubi wannan, ta dubi wancan.
Ashe abin da na gada a wuya
shi ma ya taɓa yin rai?
Ta ajiye hararar, ta karɓi moɗa,
ta shiga layin masu ɗiban ruwa.

Wuta ta dawo, na ƙirga: shida.
Na sake ƙirgawa: shida.
Ɗan rawayan nan, mai tsoron inuwarsa, babu shi.
Na duba baho, na duba ƙarƙashin kujera,
na kwanta ban yi barci ba.
Sai da assalatu ya leƙo daga kogon dutse,
ashe da gidansa na ɗauke shi ban sani ba,
ya yi ƙaura bai taɓa barin ruwa ba.

Yanzu fili ya samu, kamu uku cur.
Amma ku zo ku gani:
in ya kai inda tsohon bango yake
sai ya juya, alhali babu komai a gabansa.
Uwani na dariya. Ni ban yi ba.
Shekara uku da na ajiye aiki,
har yau in na fita da safe
ƙafata ƙofar jami'a take nufa.
Na zuba masa abinci a can ɗaya ƙarshen,
na ja kujera, ina jira
in ga ranar da zai gaskata faɗin ruwa.